Abin da Wuƙa Ta Bari

Na daina sassaƙa akushi
shekarar da roba ta cinye kasuwar Birnin Kudu.
Gizago ya kwanta a ƙarƙashin rumbu yana tsatsa,
sai 'yar wuƙar zanen ƙwarya ce ta ƙi barin aljihuna.

Ɗan ƙanwata ya zo hutu da waya mai fasasshen gilashi,
ya nuna mini hoto: kwaɗo ya ɗauko wata a baki,
baƙi da fari kawai.
Ya ce aikin mutanen Meziko ne, can bayan teku,
tatsuniyar kakanninsu suke sassaƙawa a katako,
su shafa tawada, su danna takarda.
Na ce, to ai mu ma muna da kaka.

Na nemo guntun maɗaci, na goge shi da ganyen ɓaure.
Na kankaro baƙin gindin tukunya, na dama da ƙaro.
Takarda kuwa, cikin buhun siminti ne,
na kakkaɓe, na yanka da reza.

Da damo na fara.
Ba wanda ake yi wa kirarin haƙuri ba,
damon Iya Tasalla,
wanda a shekarar da rijiyoyi suka ƙafe
ya guntso ruwa daga ƙarƙashin dutse,
ya bi zaure zaure da dare
yana ɗiga wa jarirai a harshe.
Shi ya sa, in ji ta, gidanmu ba a cin namansa,
ko da yunwa ta kai mutum ga tafasa.

Katako ya koya mini abin da akushi bai sani ba:
inda na ƙwaƙule, nan haske zai zauna,
inda na ƙyale, nan baƙi.
Kwana tara ina cire duk abin da ba damo ba.
Ɓarɓashi ya cika mini cinya,
kaji suna tsattsaga, sun zaci tsaki ne.

Na shafa, na kifa takarda,
na murza da bayan ludayi har kafaɗa ta yi tsami,
na ɗaga gefe a hankali
kamar mai leƙa ƙwai a ƙarƙashin kaza.
Ga shi ya fito da ƙayoyin bayansa,
amma ya saɓa mini:
gabas na fuskantar da shi,
takarda ta juya shi yamma.

Na kai wa Iya. Yana ta rufe mata ido tun bara waccan.
Ta shafa takardar, ta ce nan babu kowa,
miƙo mini icen.
Yatsunta suka bi ramukan kamar mai tsintar tsakuwa a gero,
suka tsaya a wuya, suka koma, suka sake tsayawa.
Ta ce, Nomau, ina kumatun?
Wannan bai guntso ruwa ba, yawo ya fito.

Abin da wuƙa ta ci ba ya komawa.
Na yi shiru ina lissafin wani maɗacin.

Sai na faɗa mata ƙorafina, na gabas da yamma.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
Ta ce, kai da ka yi barci kullum kafin ƙarshe!
Da ya gama rabon ruwan ai yamma ya nufa,
kumatu a saɓe, ba wanda ya sake ganinsa.
Takardar ta fi ka sauraro.

Ta goge hannu a zanenta na sallah.
Yatsu huɗu baƙaƙe suka zauna a kan shuɗi,
an wanke sau uku, suna nan.

Yanzu igiyar shanya ta tsakar gida
damo goma sha biyu take ɗauke da su, duk sun ba gabas baya.
Yara suna tsayawa a ƙasa, baki buɗe.
Na soma na biyu, mai cikakken kumatu,
ina sassaƙa shi yana barin gari,
don ya shigo.